Waken Suya a Filin Alhaji Mamuda

Rannan wata matashiya ta tsaya a gaban kaskona tana jiran awararta ta soyu, waya a hannu, ta ce mini wai ita ma bana za ta shiga noman waken suya, don ta ji an ce shi ba ya ba mutum wahala: ka shuka, ka fesa magani, ka girbe. Na dube ta tun daga takalmi har ɗankwali. Layi ya yi tsawo kuma mai yana neman ƙonewa, sai na naɗe mata awararta ta tafi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda aikin yake, ku da kuke ganin gona a cikin waya.

Sunana Talatu, amma duk Gyadi-Gyadi Inna Mai Awara ake ce mini. Ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani a wurin Gwaggo Asabe na koya, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi aure can kudancin Kano, inda suke noman waken suya tun mutanen birni ba su san ana cin sa ba. Shekara biyu ina yi mata tsintar wake a faifai kafin ta yarda na taɓa ruwan tsami. In ta tsinci ƙwaya ɗaya mai motsewa a cikin wanda na ce na gama, ba ta faɗa. Juye shi take yi duka a cikin wanda ba a tsince ba, ta tashi ta bar ni. A wurinta na gane cewa awara ba a kasko take farawa ba. Waken da ƙwaro ya soka tun yana cikin kwasfa motsewa yake yi, madararsa ta fito tsararo, awarar ta ƙi haɗuwa, ta yi ɗaci-ɗaci a bayan harshe. Mai saye ba zai gaya miki ba. Gobe dai za ki hango shi a layin wata.

Da na gaji da waken kasuwa mai gauraye, sai na ce zan noma nawa. A lokacin bayan Tarauni, ta wajen Hotoro, filaye ne birjik, an zagaye su da katanga ba a gina ba. Masu su yawanci ma'aikata ne da ke jiran fansho. Fili in an bar shi haka, cikin wata uku ya zama juji, ko ka wayi gari wani ya haƙa fandisho ya ce na kakansa ne. Saboda haka mai fili yakan nemi wanda zai noma masa shi, ba haya, ba takarda. Kai ka samu gona, shi ya samu mai gadin da ba ya neman albashi. Ni filin Alhaji Mamuda na samu, tsohon ma'aikacin ofis, mutumin kirki, sai dai yana da ciwon son a yaba masa. Filin dogo ne, kansa a bakin titi, bayansa a wani lungu. Kunya ashirin da huɗu nake yi a ciki, sha biyu a gaba inda masu wucewa ke gani ta saman gajeriyar katanga, sha biyu a baya inda ba mai leƙawa sai kajin maƙwabta.

Kayan aikina ba su da yawa: garma, fartanya, tsintsiya, bokiti, da wani farin buhu da na farke. Buhun nan ya fi sauran aiki. Da sassafe, tun ƙwari ba su ji ɗumin rana sun tashi ba, nakan shimfiɗa shi tsakanin kunya biyu in girgiza waken, in durƙusa in ga wa ya faɗo. Ba duk wanda ya faɗo ba ne ɓarawo. Gizo-gizo lebura ne. Ƙoƙi-ƙoƙi lebura ne. Zanzaron nan da kuke kora a ɗaki, ni na sha tsayawa ina kallon sa yana ɗauke da tsutsar da ta fi shi nauyi. Ganye in ya yi 'yan huji kafin fure ba na tayar da hankalina, waken suya yana da ganyen da zai ba tsutsa sadaka ya rage. Inda ba na wasa shi ne in kwasfa ta fara cika, lokacin da ƙwaro mai warin nan ke zuwa ya tsotse ƙwaya. In na ga sun yi yawa a buhu, sai in daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in ɗan murza sabulu a ciki, in bi kunyoyin ina yayyafawa da tsintsiya. Damina huɗu na yi haka, ban taɓa sayen wake ba sai gab da sabon girbi.

Sai shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ku ba ku ga abin ba. Mutumin da jiya ko taron suna ba ya iya magana, yau ya sayi babbar riga yana gaishe ka da hannu biyu. Alhaji Mamuda bai samu shiga zaɓen farko ba, amma ya ƙudura ba za a yi na gaba ba da shi, kuma yana bukatar abin da zai nuna. Wata safiya na iske an kafa allo a ƙofar filin. Na tare wani mai wucewa ya karanta mini, ya ce an rubuta wai gonar tallafa wa mata ce. Da Alhaji ya zo na tambaye shi ina sauran matan. Ya ce ai ni ce dukkansu.

Tallafi na farko a tifa ya zo, kafin ruwa ya sauka. Baƙar ƙasa ce mai laushi, daga wani lambu a bakin rafi inda aka daɗe ana tumatir da kuɓewa. Alhaji ya tsaya yana ba ni labari da murna cewa masu lambun ko sisi ba su karɓa ba, har taya lodi suka yi. Da ina da wayon da nake da shi yanzu, a nan zan tsaya in yi tunani: manomi ya ba ka ƙasarsa kyauta, har ya taya ka ɗauka. Amma ƙasar ta yi kyau a ido, kuma kyautar mai fili ce. Ya sa aka baje ta a gaba kaɗai, don nan ne ake gani daga titi.

Tallafi na biyu famfon feshi ne na goyo, da kwalabe shida, da mutum. Mutumin Ilu ne, wani magidanci ɗan acaɓa da ya zo daga ƙauye ya shiga cikin masu yi wa Alhaji hidima. Iliminsa na feshi bai wuce na sauro a ɗaki ba. Yakan riƙe kwalbar nesa da fuskarsa, ya motsa baki kamar mai karatu, sannan ya ce an rubuta murfi ɗaya, amma tunda Alhaji ba marowaci ba ne bari a sa uku. Daga baya na gane ni da shi karatunmu ɗaya.

Waken ya fito lafiya lau. Sati biyar, shida, sai gaba ya fara canza launi, ba duka a tare ba, nan wani yanki, can wani yanki, kamar zanen da bilic ya ɗiga wa. Ya tsaya da girma. Abin da ya fi ɗaure mini kai, jiya an yi ruwa, ƙasa jiƙe take, amma da azahar sai ganyen ya langwaɓe kamar ya shekara bai sha ba, da yamma ya ɗan miƙe. Na duba ƙarƙashin ganye, na girgiza a buhu. Akwai tsutsa, amma ba ta kai ta yi wannan ɓarna ba.

Alhaji ya zo ya ga tsutsa ɗaya a kan ganye, ya ce ga mai laifi. Aka fara feshi duk bayan kwana uku. Ni kuma, tunda waken bai warke ba, sai na ɗora wa Ilu. Ina bin sa taku-taku, hancina naɗe da mayafi, ina nuna masa ganyen da ya tsallake. Na ce hannunsa ne ba albarka. Na ce sayar da maganin yake yi yana cika kwalbar da ruwan shayi. Bawan Allah har rantsuwa ya yi mini a tsakiyar kunya, famfo a bayansa yana ɗiga. Baya kuwa bai taɓa fesawa ba, don Alhaji ya ce kada a ɓata magani inda ba mai gani.

Bayan sati biyu na shimfiɗa buhuna a gaba. Ba gizo-gizo ko ɗaya. Zanzaro ya yi ƙaura. Tsutsa kuwa ta dawo da 'ya'yanta da jikokinta, ba mai taɓa ta, ta samu waken da ba shi da ƙarfin fitar da sabon ganye. Baya yana nan kore shar, da 'yan hujinsa na kullum.

Ranar wata Asabar Alhaji ya zo ba fara'a. Ya ce manyan jam'iyyarsu za su zo ganin gonar nan da sati biyu, kuma 'yan adawa sun fara tsayar da babur a ƙofar suna nuna wa mutane allon, sannan su nuna abin da ke bayan allon. Ya ce akwai wasu matasa masu buga bulo da suka daɗe suna roƙon filin.

“Inna, ba korar ki nake yi ba,” in ji shi. “Amma in ranar ta zo gonar nan tana haka, zan cire allon in ba su wurin gaba ɗaya. Bulo ba ya yin rawaya.”

Na ce na ji. A raina na san in filin nan ya tafi ba zan samu wani ba, don an fara gine-gine ko'ina, kuma wanda ya rage duk da mai noma shi.

Akuya ce ta buɗe mini ido. Ilu ya bar ƙofa a buɗe, wata jar akuya ta shigo ta nufi baya kai tsaye, don ita ma ta san inda abin kirki yake. Ba sanda a kusa, sai na fizgi wake ɗaya daga cikin masu rawayar don in kore ta da shi. Ya taho hannuna ba gardama, kamar dama ajiye shi aka yi a kan ƙasa. Na kore ta har titi. Ina dawowa, ina haki, na dubi abin da ke hannuna. Saiwar gajera ce, ta kumbura ƙulli-ƙulli kamar carbi. Shekara huɗu ina leƙen ƙarƙashin ganye, ban taɓa leƙa ƙarƙashin ƙasa ba.

To ga inda na yi wautar da ba na son faɗa. Na je baya na tuge ɗaya mai lafiya don in gwada, sai na ga shi ma da ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Na tuge na kusa da shi, haka. Na ce shi ke nan, ciwon ya iso nan ma, gara in cire masu shi kafin su shafa wa saura. Duk wanda na tuge yana da shi, duk wanda yake da shi na jefar. Kafin lokacin ɗora kasko ya yi na share kunya biyu cur.

A layinmu akwai wani malamin gona da ke haya, Malam Bala. Kullum da la'asar yana kan kaskona, kullum sai ya nemi gyara. Ban ɗauke shi manomi ba, don ban taɓa ganin laka a takalminsa ba. Ranar dai na miƙa masa awararsa, na miƙa masa saiwa biyu a leda, ta gaba da ta baya, na ce tunda gwamnati na ba shi albashi a kan wannan, ya duba.

Ya ɗauki ta bayan, ya murza da babban yatsa. Ƙulle-ƙullen suka zube a tafinsa kamar gero. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ya ce wannan ba ciwo ba ne, rumbun takin waken ne, da shi yake ciyar da kansa har ya bar wa ƙasa saura, wake mai lafiya ne ke da shi. Ya ɗauki ta gaban ya murza, ba abin da ya fita, don ba manne suke ba, saiwar ce da kanta ta kumbura. Ya ce wata tsutsa ce a cikin ƙasa, ta fi gashi siranta, ido ba ya ganin ta, tana shiga saiwa ta zauna ta toshe hanyar ruwa. Shi ya sa waken ke jin ƙishirwa a cikin laka.

Na tambaye shi ko shi ya taɓa ganin ta. Ya ce sau ɗaya, a makaranta, da na'ura. Na ce wato dai aljana ce. Ya ce kusan haka, sai dai ita wannan ba ta jin hayaƙi.

Ya tambaya me aka sa a gaba da ba a sa a baya ba. Na ce ƙasa. Ya ce daga ina. Da na ambaci lambun tumatir da kuɓewa, da yadda suka taya lodi, ya yi dariya har yaji ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya tambaye ni masu lafiya nawa na tuge. Na ce wannan ba ya cikin aikinsa, kuma yau ba gyara.

Amma na saurari sauran. Ya ce ko tankar magani za a juye a ganye ba zai kai saiwa ba. Akwai gubar da ake sa wa ƙasa, amma ba a fili mai rijiyoyi da kaji a kewaye ba. Gaba ya tafi bana, a tuge a ƙona saiwar. Ƙasar kuma a hana ta tafiya baya, ko a bakin fartanya, ko a takalmi, ko a ruwan sama. In ana son ta warke, sai a yi shekaru ana sa mata dawa ko gero, a riƙa juya ta da bazara rana ta gasa ta, kada ta ga wake ko kuɓewa ko tumatir. Ƙwarin sama kuwa, ya ce in koma wa buhuna da darbejiyata, don da alama na fi Ilu sanin su.

Washegari na karɓe famfon daga hannun Ilu na kulle a ɗakina. Na sayi fartanya ta biyu, na ɗaura wa ta gaba jan tsumma don kada su gauraya. Na haƙa lambatu tsakanin gaba da baya, ruwa ya bi ya fita kwatar titi. Na ajiye bokiti a kan iyakar, na ce duk mai tsallakawa ya wanke ƙafa. Sannan na tuge kunya sha biyun gaba, na tara, na bar su suka sha rana, na cinna musu wuta. Ilu ya ga hayaƙi, ya hau babur ya tafi kai rahoto.

Saura kwana uku baƙi su zo Alhaji ya iso. Ya tsaya a ƙarƙashin allonsa yana kallon ƙasa tsirara da toka. Ya cire hula, ya mayar. Ya ce da rawaya ce aƙalla ana iya cewa ya nuna ne.

Ban yi gardama ba. Na ba shi saiwa biyu na ce ya murza. Na sa shi ya wanke ƙafa a bokiti, babbar rigarsa a kafaɗa, na kai shi baya. Bai taɓa shiga can ba. Waken ya kai masa gwiwa, kwasfa ta fara fitowa, gizo-gizo ya yi saƙa daga wannan kunya zuwa waccan. Na ce masa gaba ba zai yi wake ba nan da shekaru, amma kamar yadda ya faɗa, bulo bai damu ba. Ya ba masu bulo gaba, su ja mini katanga a tsakani, ruwansu ya fita titi. Ni a fasa mini ƙofa ta lungu, a mayar da allon can. Sai ya zama yana da matasa a gaba, mata a baya.

Na ga yana lissafi da leɓe. “Allo biyu ke nan,” in ji shi.

Na ce biyu.

Fuskarsa ta washe. Ya ce dama shi ma abin da yake tunani ke nan. Ya ce kuma in kwantar da hankalina, ba zai bar ni da rabin gona haka kawai ba, tun jiya ya yi magana da masu lambun nan, yanzu haka ana lodin wata tifar, ita kuma a baya za a baje ta. Sannan ya rage murya, ya ce in gaya masa gaskiya, a ganina ba 'yan adawa ne suka zuba mana wani abu ba?

Kwana da kwanaki ina kewaya maganar nan, don ba a kallon idon mai fili a ce kyautarsa ce ta kashe gona. Na dubi kunya goman da suka rage mini.

“Alhaji,” na ce, “ciwon nan Allah ne ya kawo shi. Amma a tifa ya zo.”

Ya dubi tokar, ya dubi ƙafarsa da ke jiƙe. Can ya ce wa Ilu ya hau babur ya tare direban duk inda ya same shi. Ilu ya tambaya in ya same shi da lodi, ina za a juye. Alhaji ya ɗan ɗaga kai yana tunani, na kuwa san abokin hamayyarsa yana da lambun tumatir a bayan gidansa.

Na ce, “Alhaji, ka ji tsoron Allah.”

Ya sauke numfashi, ya ce a mayar wa masu ita, su taya saukewa.